Ranar da Gwaggo ta sa na rubuta bashina a bayan kalanda

Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi tafiyar minti 3 ce, amma akwai lokacin da ni sai na ci minti 15 ban fita ba, saboda in na miƙe dole na wuce ta gaban mai shago, in na karya ta dama kuma mai kemis ne a zaune a kan bencinsa, shi ya sa nake bi ta wani lungu ta bayan makarantar allo inda kwata ta cinye rabin hanya, ina tsallake-tsallake da gogaggun kayana kamar wanda ya sato kaza. Almajiran wajen har sun gane ni. Waya kuwa kullum a sailan take, in baƙuwar lamba ta kira sai na ji cikina ya juya, na kifa ta a kan teburin yanka har ta gaji ta katse.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, shagona yana nan cikin gari ta ɓangaren Gwale, a wani layi da kusan duk teloli ne. Ba wai ba na samu ba ne fa, wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi in na tuna. Ina samu daidai gwargwado. Kawai dai kuɗin tela kamar ruwan damina ne, daga tsakiyar azumi zuwa daren sallah sai ka ga kamar ba za ka ƙara talauci ba, bayan sallah da sati 2 kuma kana zaune kana korar ƙuda a kan keke.

Abin ya faro ne daga aure, ƙarshen 2021. Lefe. Duk wanda ya yi aure a garin nan ya san ba sai na yi bayani ba. Akwai wani Alhaji a Kantin Kwari da na daɗe ina sayen shadda da yadi a wajensa, da ya ji zan yi aure ya ce in ɗebi abin da nake so in dinga kawowa a hankali, ni kuma da na ji kalmar "a hankali" sai na ɗauka kyauta ce, na ɗebo atamfofi da lesuka har da waɗanda ba a sa ni ba, don kar dangin amarya su buɗe akwati su taɓe baki. Bayan shekara Allah ya ba mu haihuwa, sai da aka yi mata aiki, kuɗin asibiti ya cinye ɗan abin da na tara, ga ragon suna, shi kuma wani abokina ne ya ranta min. Ƙanwata ma ta ba ni dubu 50 a lokacin, ta ce Yaya riƙe ka rage hidima.

Har a nan da sauƙi. Canjin kuɗi ne ya kwance min lissafi. Kun tuna dai, lokacin Emefiele yana gwamnan Babban Banki da aka canza 200 da 500 da 1000, aka ce 31 ga Janairun 2023 tsofaffi sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su. Kwastoma zai ce ya yi maka tiransifa ya nuna maka a wayarsa, kai kuma alat bai shigo ba sai bayan kwana 2, in ya shigo ɗin ka je wajen mai POS ya ce sai ka bar masa dubu 2 a kan dubu 10, ga mai zare da mai maɓalli da mai gawayin guga duk tsaba suke so. A cikin wannan ruɗanin ne wani yaro a layinmu ya nuna min manhajar bashi a waya. Ya ce Oga minti 5 ne, ba jingina ba shaida ba kowa. Kalmar da ta kama ni ke nan, ba kowa. Babu wanda zai ga idona.

Na nemi dubu 20, suka turo dubu 16 da ɗoriya wai sun cire kuɗin aiki, kwana 7 in mayar da dubu 26. Na san kuɗin ruwa ne, ba zan zo nan in yi ƙaryar ban sani ba, tun muna Islamiyya aka karanta mana hukuncinsa. Na ce wa kaina lalura ce, sau ɗaya ne. Ranar biya ta zo babu, sai na sauke manhaja ta biyu na biya ta farko, na sauke ta uku na biya ta biyu, tufka da warwara dai. Sai ga 29 ga Mayu, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, zuwa Yuli ta wuce 600, mu kuma aikinmu in babu wuta janareto ne, barin ma keken wibin da dutsen guga. Daga nan na fara abin da har yau in na tuna nake jin kunya, wato taɓa kuɗin kwastoma. Mutum ya ba ka kuɗi ka sayo masa shadda ka ɗinka, kai kuma ka toshe wani ramin da su, in ya zo ka ce ai kalar da yake so ce ta yanke a kasuwa. Dama an ce alƙawarin tela, to ni nawa ya wuce na tela ya koma wani abu daban.

Bayan babbar sallah da kamar sati 3 asiri ya tonu. Ɗaya daga cikin manhajojin nan ta kwashe duk lambobin da ke wayata, suka tura saƙo da Turanci har da hotona, wai ni ɗan damfara ne na gudu da kuɗin kamfani duk wanda ya san ni ya yi hattara. Ya je wa surukina. Ya je wa maigidana da ya koya min ɗinki. Ya je wa limamin masallacinmu, da kwastomomi, da wata da na taɓa nema tun kafin aure wadda ban ma san lambarta na nan ba. Daga baya ne na ji ashe hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun Maris ɗin 2022 ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Legas, kuma Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan mutane, to ni tawa ba ta Play Store na sauke ta ba, link aka turo min na danna, duk abin da ta tambaya na ce na yarda ban karanta ba.

Gwaggo ba ta jin Turanci, jikanta ne ya karanta mata. Yayar babanmu ce, tun rasuwarsa ita ce a madadinsa, kuma uwar adashe ce ta matan unguwarsu tun ban san kaina ba, tana sayar da daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya a cikin gida. Ta kira a wayar matata tunda tawa a kashe take. Magana ɗaya ta yi, a ce masa ina nemansa bayan la'asar.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma tana ƙulla daddawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na fara kame-kame, Gwaggo ai 'yan damfara ne, sharri ne, haka suke yi wa mutane. Ta bar ni na gama tas. Sai ta ce, "Ka ci kuɗinsu ko ba ka ci ba?" Na ce na ci. Ta ce, "To su kaɗai ne?" Na yi shiru. Ta miƙe da kyar tana dafa gwiwa, ta ciro wata tsohuwar kalanda a jikin bango ta yage shafi ɗaya ta juya bayansa, ta sa jikan ya kawo biro. Ta ce, "Rubuta. Kowa da kowa. In ka ɓoye min ko na ƙwandala Allah ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗan nan."

Wallahi ban taɓa haɗa lissafin waje ɗaya ba sai ranar. Da gangan nake ƙin haɗawa, kullum a kaina ina cewa bai fi dubu 400 da wani abu ba. Na fara da Alhajin Kwari, dubu 310. Manhajoji uku da ruwansu da tarar makara, dubu 142. Ragowar kuɗin haya dubu 120. Abokina na rago dubu 95. Na tsaya, ta ce ci gaba. Kuɗin kwastomomi dubu 74, wannan sai da hannuna ya yi rawa. Mai shago 68,500, mai kemis 11,500. Na ajiye biro na ce shi ke nan. Ta ce, "Na ƙanwarka fa? Ko don ba ta tambaya ba ya zama sadaka?" Ashe ta sani. Na ƙara dubu 50. Jikan ya buga a waya ya ce 871,000. Sai na ji kamar an ɗora min buhun siminti a ƙirji, amma abin mamaki a lokaci guda kuma na ji wani irin sanyi, don aƙalla yanzu dodon ya fito fili na ga iya girmansa.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi bashi hanji ne yana cikin kowa, ita ba cin bashin ne ya ɓata mata rai ba, ɓuyan ne. Wai, "Kana da ni, kana da maigidanka, kana da masallaci, ka tsallake mu duka ka je wajen wanda bai san ubanka ba don kar mu ji. To ga shi mun ji, har da hoto." Sannan ta sa aka karanto mata sunayen ɗaya bayan ɗaya tana cewa wannan ne farko, wannan ya jira. Tsarinta mai sauƙi ne. Wanda yake haihuwa cikin dare shi za a fara kashewa, wato na waya. Sai amanar mutane. Sai ƙananan na unguwa don in samu in dinga bin hanya kamar ɗan adam. Manyan masu haƙuri su ne ƙarshe, amma da sharaɗin in taka da ƙafata in je in same su tun yanzu, ba saƙo ba, ba waya ba.

A daren na gaya wa matata komai. Na zaci kuka za ta yi ko ta ce a kai ta gida. Ta ce ai ta daɗe da sani, tun da ta ga ina shiga banɗaki da waya ina magana ƙasa-ƙasa, ita tsoronta ma ko aure nake nema. Ta ɗauko ɗan kunnenta na gwal ta ce a sayar. Da Gwaggo ta ji ta hana, ta ce ba za a tuɓe yarinyar mutane a biya bashin lefenta ba, wanda ya ci shi zai biya.

Zuwa Kwari shi ne ya fi min wuya. Wata 5 rabona da layin Alhaji, in sayayya ta kama sai in aiki yaro wani shagon. Na tsaya a bakin shago ya fi minti 10 yana sallamar wasu 'yan Nijar, da ya juyo ya gan ni sai ya ce, "A'a, ashe kana raye." Na faɗa masa gaskiya ban rage komai ba. Ya ce shi abin da ya ƙona masa rai ya ga yarona yana sayen yadi da tsabar kuɗi a shagon maƙwabcinsa. Gaskiyarsa ne. Ya ce Allah ya ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi zuwa sauƙi, shi zai jira, amma a rubuta, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka, ta 282 a Baƙara, mu ne dai muke ganin rubutu kamar rashin yarda. Aka kira mutum 2 suka sa hannu. Yarjejeniyar ita ce duk bayan sallah in kawo abin da ya sawwaƙa mai kauri, kuma in dawo da sayayyata wajensa, kuɗi hannu.

Sai maigidana. Shi ne yake riƙe da adashen telolin layinmu, wanda na shekara ina gudu wai ni ba na son takura. Su 11 ne, ana shirin sabon zagaye, zubin dubu 10 duk Juma'a. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, kowa zai kawo nasa a haɗa a ba mutum ɗaya, sati mai zuwa a ba wani, har a zagayo, babu ƙari babu ragi, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Da ni muka zama 12, kwasa dubu 120 ke nan, zagaye sati 12. A ƙa'ida sabon shiga shi ne ƙarshe, don wanda ya kwasa da wuri bashin sauran ne a kansa, wanda ya kwasa a ƙarshe kuma ajiya ya yi. To ni ga ni sabon shiga, ga hotona yana yawo a waya an ce ɗan damfara, kuma ana so a ba ni kwasar farko. An yi ƙananan maganganu, ba zan ga laifin kowa ba. Maigida ya ce shi ya tsaya min, in na gudu a bi shi, amma da sharaɗi ɗaya, kuɗin ba za su taɓa hannuna ba. A gabansa za a biya wanda ake biya.

Haka aka yi. Juma'ar farko bayan an sauko daga masallaci muka zauna a shagonsa, na sayar da babbar wayata dubu 45 na sayi 'yar ƙarama mai tocila, aka haɗa da kwasar aka biya manhajojin nan uku tas kafin a miƙa wayar ga mai saye, aka ɗauki hoton shaidar biya a wayar Maigida. Duk da haka sai da suka ƙara wata guda suna kira, yanzu kuma da murya mai daɗi, wai na zama babban kwastoma an ƙara min zuwa dubu 100. Allah ya isa dai.

Abin da na gane game da adashe, kuma shi ya sa ma na zauna rubuta wannan dogon surutun, kunyar nan da ta kai ni rami ita ce dai take sa adashe ya yi aiki. Da kunyar kar a san ba ni da shi nake ji, sai in ci bashi in rufe. Yanzu kuma kunyar kar Juma'a ta yi Maigida ya buɗe littafi ya kira sunana a gaban mutum 11 in ce babu. Na sha gwada tara kuɗi ni kaɗai, a akawun, a ƙarƙashin katifa, a cikin aljihun wata tsohuwar babbar riga, ba sa kwana 10 sai in samo musu dalili. Amma dubu 10 ɗin zubi, ko da garin kwaki za mu kwana sai na haɗa ta. Dabarar da na yi, kullum in na tashi daga aiki sai in jefa 1,500 a wani gwangwanin madara da ke shagon Maigida ba nawa ba, kafin Juma'a ta zagayo saura kaɗan. Shayin safe da Indomie da ƙwai a wajen mai shayi na daina, daga gida nake karyawa. Kallon ƙwallo na koma sai babban wasa. Anko kuwa na ce duk abokin da zai yi aure gudummawata ɗinki ce kyauta, ya kawo yadinsa.

Kwasa ta biyu ta tafi a kwastomomi da mai kemis da rabin mai shago. Mutum 4 ne kwastomomin, na bi su gida-gida. Uku sun karɓa sun yi addu'a, ɗaya ya karɓa ya ƙirga a gabana ya ce kar in ƙara gaishe shi, kuma har yau bai dawo ba, yana da gaskiya. Ta uku haya.

Kar ku ɗauka tafiyar ta miƙe sumul. A kwasa ta huɗu Maigida ya ga na nutsu ya sakar min kuɗin a hannu in kai wa abokina na rago, ni kuma a hanya na bi ta Farm Centre wai in duba farashin waya kawai. Na fito da waya ta dubu 60. Kwana 2 ina ɓoye ta a shago kamar kayan sata, ranar ta uku ta yi ƙara a aljihuna a gaban Maigida. Bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙo. Aka mayar da ita da asarar dubu 7.

Sai watan Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka sa dokar hana fita a Kano, shaguna a rufe, aiki ya tsaya cak, mu 4 muka kasa zubi a satin. A wannan zagayen ne kuma wani daga cikinmu da ya riga ya kwasa ya rufe shago ya bar gari, wai ya tafi neman kuɗi, ya bar zubin sati 5 a kansa. Wanda ya tsaya masa ne ya dinga biya yana ƙunƙuni. Wannan ita ce matsalar adashe da masu yabonsa ba sa faɗa, ba shi da kotu sai idon mutane, in mutum ya cire kunya ya bar unguwa shi ke nan. Akwai kuma ta biyu, a lokacin da kaya ke tashi kullum mai kwasar ƙarshe cutuwa yake, dubu 120 ɗin watan 1 ba ita ce ta watan 3 ba, hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Shi ya sa muka koma juya layi, wanda ya yi ƙarshe a wannan zagayen shi ne farko a na gaba, sai in wani yana da lalura a roƙi mai layin ya yi musanya. Kuma daga abin da ya faru muka ƙara 500 a kan kowane zubi, ita ba a kwasarta, tana akwati ne a wajen Maigida da maƙulli a hannun wani, dubu 6 duk sati. Wanda ya maƙale a ranta masa ba ruwa, ya mayar cikin wata. Ni kaina sau 2 na ci moriyarta, ɗaya lokacin da yarinyata ta kwanta da maleriya.

Akwai abin da na so in tsallake amma bari in faɗa. A azumin 2024 Liman ya tsayar da ni bayan asuba ya ce wani bawan Allah ya ba shi zakka ya raba, ya sa sunana. Na ji kamar ya mare ni. Na ce Malam ni ai ina da sana'a, a ba mabuƙata. Ya yi dariya ya ce kai ka fi Allah sanin mabuƙata ne, cikin kashi 8 da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60 akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma shi ba ni zai ba ba, Alhajin Kwari zai kai wa. Dubu 50 ce. Da Alhaji ya karɓa shi ma ya yafe dubu 30 daga nasa albarkacin watan. Har yau ban san wanda ya ba da zakkar ba, wani lokaci in ina sahu sai in dinga satar kallon mutane ina cewa ko wannan ne.

Bayan ƙaramar sallah ta 2025 na kai wa Alhaji cikon kuɗinsa, ya ɗauko takardar nan ya yaga a gabana ya ba yaronsa ya sayo mana lemo. Ƙanwata ce ta ƙarshe. Dubu 50 ɗin da ta ba ni a 2022 na san ba ita ce dubu 50 ɗin 2025 ba ko kusa, na tambayi Liman ya ce in ba a yi sharaɗi tun farko ba kyautatawa wajen biya sunna ce, sai na haɗa mata da ɗinkin sallah na 'ya'yanta maza 3. Ta karɓa tana cewa Yaya ni fa na manta. Ƙarya take, matata ta ce min ta sha yi mata zancen a fakaice.

Wata 20 ke nan cif daga ranar kalanda zuwa ranar da na gama biya. Zubi ban daina ba, yanzu ma ya koma dubu 15, bambancin kawai in na kwasa nawa ne. Kwasar farko da ta zama tawa rasa yadda zan yi da ita na yi, na zauna ina kallon kuɗin kamar baƙi. Gwaggo ta ce in sayi hatsi da kaka in ajiye kamar yadda suke yi tun da, Allah ya taimake ni ban zurma ba, don a 2025 farashin masara da gero sauka ya yi, waɗanda suka cika sito a Dawanau suna jiran tashi da yawa sun ji jiki. Na abinci kawai nake saya, buhu ɗaya mu ci. Abin da na yi, na haɗa kwasa 2 na sa ƙaramin sola da batir a shago, yanzu janareto sai in aiki ya yi yawa, kuɗin man da nake ƙonawa shi ne ya koma ajiya. Na buɗe akawun a bankin da ba ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki tun 2012 da TAJ da suka biyo baya, na ƙi karɓar kati na ƙi sa manhajar a waya, in ina son cirewa sai na hau adaidaita na je na bi layi, wannan wahalar ita ce maigadin kuɗin. A gida kuma akwai asusun katako da kafinta ya buga min, ba ya buɗuwa sai an fasa, ni da matata muke jefa canji, na kuɗin makaranta ne.

Masu turo min adashen WhatsApp da Instagram kuma don Allah ku huta. Adashen da ban san gidan uwar adashen ba, ban san wa zan je in yi wa sallama in abu ya faru ba, ba da ni ba. Balle waɗanda ake cewa ka zuba 50 ka kwashi 100, wannan ai ba adashe ba ne, mun ga MMM a 2016 mun ga CBEX a Afrilun 2025, mutane nawa suka yi kuka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida Gwaggo, na bi ta gaban mai shago na sayi sukari da sabulu na biya a take har muka taɓa hirar ƙwallo. Da na zauna na ce Gwaggo ina takardar nan ta kalanda, ina so in kai a yi mata leda in ajiye saboda tarihi. Ta dube ni ta ce wace takarda. Na ce wadda na rubuta bashina mana. Ta ce, "Au, wannan? Ai tuni na naɗe wa wata daddawa a ciki." Sai ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado ta turo min, yadin jikanta ne da na karɓa tun kafin babbar sallah na ce kwana 3, na dawo da shi ba a ɗinka ba na ce zan aiko a ɗauka. Ta ce, "Wannan kuma a bayan wace kalandar za mu rubuta shi?"